Kafin Bakanike Ya Cire Maka Tamostat: Yadda Wayarka Za Ta Gano Dalilin Zafin Injin Mota

Kun saba ji na a kan manhajoji da dabarun waya, to yau wayar ce za mu ɗauka mu shiga da ita gareji. Dalilin wannan rubutu wani abu ne da ya faru da motar yayana, wanda ya ci masa kuɗin mai na kusan wata takwas kafin wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana biyu ba ta tona asirin matsalar.

Abin da ya faru a hanyar Bakura

Cikin watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana a yankinmu ke wuce digiri 40. Mun taso daga Maradun a Corolla ɗin Yaya, ƙirar 2006, za mu ɗaurin aure Bakura. Mun wuce Talata Mafara lafiya lau. Kafin mu kai Lambar Bakura sai na ga allurar zafi ta bar tsakiya ta nufi ja. Yaya ya gangara gefen titi ya kashe mota, muka ji ruwa na ɓararraka a ƙarƙashin bonet kamar tukunyar ɗumame.

Duk wanda ke bin hanyoyin Zamfara a shekarun nan ya san ba a son mota ta tsaya a dokar daji, balle rana ta fara yin sanyi. Don haka da injin ya huce muka lallaɓa muka koma Mafara, muna tafiya muna tsayawa. Bakaniken da muka samu ya taɓa tiyon sama, ya taɓa na ƙasa, ya kwance noti biyu, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai sifirin ya ɗaga mana.

"Alhaji, ga ɓarawon nan. Wanga abu na ƙasar sanyi na, mu nan mi za mu yi da shi? A yada shi kawai."

Ya mayar da murfin babu komai a ciki, ya kuma haɗa fankar lagireto kai tsaye, yadda da an murɗa makulli za ta fara juyawa. Mota ta daina tafasa, Yaya ya yi godiya, ya jefa ɗan ƙarfen cikin but. Mun rasa ɗaurin aure, amma mun kwana a gida.

Bayan 'yan watanni Yaya ya fara ƙorafin motar ta koma shan mai. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu mai mota a ƙasar nan da ke wasa da lita ɗaya. Da hunturu ya shigo sai ga fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. An canza fulogi, an wanke nozul, shiru. A nan ne na ce masa, "Yaya, bari mu tambayi motar da kanta."

Mene ne aikin tamostat?

Tamostat ƙofa ce da ke tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai ɗan bututu cike da kakin da ke narkewa ya kumbura idan ya ji zafi. Da safe in ka tayar da mota, ƙofar a rufe take, ruwa na zagayawa a cikin inji kawai don ya yi saurin ɗumama. Idan zafin ruwan ya kai adadin da aka tsara, kakin ya kumbura ya tura ƙofar ta buɗe, ruwan zafi ya wuce lagireto iska ta fifita shi, ya dawo. In zafi ya sauka, sifirin ya sake rufe ta.

Adadin a rubuce yake a jikin ƙarfen. Na irin Corolla ɗin Yaya 82 ne, wato yana fara buɗewa a wajen digiri 82, zuwa 95 ya gama buɗewa gaba ɗaya. Wasu motocin Turai nasu 87 ne ko sama da haka.

Abin lura a nan: ko a tsakiyar Afrilu, zafin Mafara digiri 40 da 'yan kai ne, shi kuwa inji yana son ya yi aiki tsakanin 85 da 100. Ashe har a garinmu inji yana buƙatar abin da zai riƙe masa zafi. Motocin da kamfanoni ke sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai ma da tamostat ɗinsu suke zuwa.

In aka cire shi, abubuwa uku ne ke biyo baya. Na farko, kwakwalwar mota tana ganin inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai kamar yadda take yi da sanyin safiya. Na biyu, bakin mai ba ya yin zafin da zai kore danshi da fetur ɗin da ke sulalewa cikinsa, sai ya yi saurin lalacewa, ƙarafan inji su riƙa cin juna. Na uku, a wasu injinan tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa mai toshe wata gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe. In babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar ba tare da ya shiga lagireto ba, sai motar da aka cire wa tamostat don maganin zafi ta koma tafasa a doguwar tafiya.

Me ya sa allurar dashbod ba ta isa ba?

A motoci da yawa an tsara allurar ne ta zauna a tsakiya ko da zafin na hawa da sauka, don kada direba ya riƙa firgita. Tana iya nuna wuri ɗaya a digiri 80 da kuma digiri 100. Lokacin da za ta motsa zuwa ja, aski ya riga ya zo gaban goshi. Wasu sababbin motocin ma babu allurar sam, sai fitila shuɗiya da ja.

Ita kuwa kwakwalwar motar ta san ainihin lambar, kuma a shirye take ta faɗa wa duk wanda ya iya tambaya.

'Yar na'urar da ke haɗa waya da mota

A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD2. Doka ce ta tilasta saka ta: a Amurka tun motocin 1996, a Tarayyar Turai kuma motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Mafi yawan Corolla, Camry, Vibe da Accord da aka shigo da su daga Amurka suna da ita.

Abin da ake soka wa a kafar shi ne ELM327. Asalin sunan na wani guntun kwakwalwa ne da kamfanin Elm Electronics na ƙasar Kanada ya ƙera, amma waɗanda suka cika kasuwa yanzu kwaikwayo ne daga Chana, galibi shuɗaye. Tawa a intanet na saya, kuma kuɗinta bai kai rabin na cika tanki ba.

Yadda ake haɗawa:

1. Soka na'urar a kafar, ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama.
2. Buɗe Bluetooth na wayarka, ka nemi suna mai kama da OBDII. In ta nemi lambar sirri, gwada 1234 ko 0000.
3. Sauke manhajar Torque ko Car Scanner daga Play Store. Dukansu suna da nau'in kyauta da ya isa wannan aiki.
4. A cikin manhajar ka zaɓi na'urar, ka fito da ma'aunin zafin ruwan inji a kan fuskar wayar, a digirin Salshiyos.

Ga 'yan'uwana masu son sanin abin da ke faruwa a bayan fage, lamarin ya fi yadda kuke zato sauƙi. Manhajar tana tura wa motar saƙon 0105, ma'ana "nawa ne zafin ruwa?" Motar ta amsa da wani abu kamar 41 05 7B. Wannan 7B ɗin lamba ce a lissafin kwamfuta mai tushe 16, wadda ta yi daidai da 123. A cire 40, saura 83. Zafin ruwan kenan. Ranar da na fara ganin wannan amsa a wayata na ji daɗi fiye da ranar da shafin farko da na gina ya hau intanet.

Abubuwa huɗu da ya kamata ka sani kafin ka saya:

Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta tana aiki da iPhone, don mai arha ta Bluetooth ɗin gama-gari da Android kawai take shiri.

Golf 3 da sauran tsofaffin motocin Turai na kafin 2001, irin waɗanda suka cika tashoshinmu, sau da yawa ba sa amsa wa wannan na'ura ko da kafar tana nan, domin yaren kwakwalwarsu daban ne.

Bayan ka sauke manhajar ba ka buƙatar data ko sabis. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 mun san darajar abin da ke aiki babu sabis.

Kada ka bar ta a soke in za ka ajiye mota kwanaki, don kafar tana da wuta ko an kashe mota, tana iya tsotse batir a hankali.

Abin da motar Yaya ta faɗa

Da na haɗa, sai ga lambar matsala P0128. Ma'anarta, ruwan inji ya kasa kai zafin da tamostat ya kamata ya riƙe shi. Muka hau titi da sanyin safiya daga Mafara muka nufi wajen madatsar ruwa ta Bakolori, waya a hannuna. Duk tafiyar lambar tana yawo tsakanin 58 da 66. In mun tsaya ta ɗan hau, in mun ɗauki gudu ta sauko. Watanni takwas kenan injin yana aiki cikin sanyi, kwakwalwa na ɗura masa mai.

Da muka dawo gida na lalubo tsohon tamostat ɗin a but, na ɗaure shi da zare, na rataya shi cikin tsohuwar tukunya yadda ba zai taɓa gindinta ba, na ɗora a wuta. Inna ta leƙo ta ce, "Kai kuma yau ƙarfe za ka dafa muna?" Ruwa ya tafasa, wato ya kai wajen digiri 100, ƙofar ko motsi ba ta yi ba. Da na gwada sabo a tukunyar, tun kafin ruwa ya tafasa ya buɗe baki.

Don haka a yi wa bakaniken nan adalci: ya gano cutar daidai, da hannunsa kawai, kuma ya fitar da mu daga daji. Inda aka kuskure shi ne barin gurbin babu komai. Cire tamostat dabara ce ta kai mota gida, gyaran kuwa shi ne a sa sabo.

Yadda za ka karanta zafin motarka

Ba kowane zafin inji ne laifin tamostat ba. Kafin komai, da safe inji na sanyi, duba ruwan lagireto da na robar ajiya. In ruwa ya yi ƙasa sosai, na'urar auna zafin ba ta cikin ruwa, lambar da za ta ba ka ba abin dogaro ba ce. In ruwa ya cika, tayar da mota ka zuba wa wayar ido.

Lafiyayyar mota: lambar tana hawa a hankali zuwa 80 da 'yan kai, ta ɗan tsaya ko ta ja baya kaɗan daidai lokacin da tamostat ya buɗe. In mota na tsaye tana silo, za ta ci gaba da hawa zuwa wajen 95 ko 100, fanka ta tashi, lambar ta sauko, fanka ta mutu.

Zafi na hawa babu tsayawa har ya wuce 105, amma lagireto da tiyon da ke manne da gidan tamostat ba su yi zafi ba: ruwa ba ya zagayawa. Babban abin zargi tamostat da ya maƙale a rufe, sai kuma famfon ruwa ko iska da ta shiga layi. Kashe motar, kada ka jira ka ga ƙarshen lambar.

Zafi ya kasa kai 80 a kan titi: tamostat ya maƙale a buɗe, ko an cire shi tun kafin motar ta zo hannunka.

Zafi na hawa a cunkoso, misali ranar kasuwar Talata, amma yana sauka in ka samu hanya: duba fanka, fis ɗinta da rile. Wani lokaci za ka ga lambar P0480.

Zafi na hawa a gudu ko da kaya, amma lafiya lau a silo: lagireto ya toshe ta ciki, ko ƙura da ƙaiƙayi sun like fuskarsa, ko famfon ruwa ya gaji.

Wayar ta nuna 40 ƙasa da sifili: ba inji ba ne, na'urar auna zafin ce ta mutu ko wayarta ta tsinke. Lambobin P0115 zuwa P0118 nata ne.

Ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto, farin hayaƙi na fita a salansa bayan inji ya ɗumama, ko bakin mai ya koma kalar shayi da madara: wannan tof gasket ne. Ya wuce aikin gida, sai gareji.

Kada a manta da murfin lagireto. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Da lafiyayyen murfi ruwan kan kai kusan 120 bai tafasa ba. In robarsa ta tsage, mota na iya amai da ruwa alhali komai nata lafiya.

In zafi ya kama ka a hanya

Kashe AC nan take. Kunna hita ka ƙure ta, ka sauke gilasai; ba daɗi, amma tana janye zafi daga inji har ka samu wurin tsayawa mai mutane. Ka kashe motar ka buɗe bonet. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30, kuma sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu. Ruwan da ke ciki yana iya tsartuwa ya saɓule fatar fuska. Kada kuma ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfen kan inji na iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Yadda muka sa sabon tamostat

Mun yi aikin da safe, inji ya kwana a kashe. In ba ka taɓa riƙe sifana ba, ka kai wa bakanike, amma ka tsaya a kansa ka san abin da ake yi.

1. Sayi tamostat mai lambar digiri irin ta motarka, tare da sabuwar robarsa. Jabu ya yi yawa a kasuwa, don haka ka gwada shi a tukunya tun kafin a ɗaura.
2. Cire kan batir na nagetif. A Corolla gidan tamostat yana dab da altaneta.
3. Ajiye roba a ƙasa, ka buɗe magudanar da ke gindin lagireto ruwa ya tsiyaye. In kulant ne a ciki, ka kawar da shi daga inda yara da awaki za su kai baki. Yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne.
4. Bi tiyo har inda ya shiga inji. A wannan Corolla tiyon ƙasa ne, a wasu motocin na sama. Kwance notin murfin.
5. Ɗauki hoton yadda tsohon yake zaune kafin ka zare shi. In babu tsoho, ka tuna ɓangaren sifirin ne ke kallon cikin inji.
6. Goge bakin wurin sarai. Sa robar a gefen sabon, ka zaunar da shi yadda ɗan ƙaramin ramin da ke da ƙusa mai motsi zai kasance a sama. Ta nan iska ke fita.
7. Ɗaure notin bi da bi, kaɗan-kaɗan. Kada ka nuna ƙarfi, murfin na iya tsagewa.
8. Zuba kulant a hankali. In mai kauri ne, a gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. Ruwan rijiya, na burtsatse ko na kanal ɗin Bakolori yana barin ƙasa da tsatsa a cikin lagireto. Na ceton rai ne a hanya kawai.
9. Mayar da kan batir, ka bar murfin lagireto a buɗe, ka tayar da mota da hita a ƙure. Kumfa za ta riƙa fita, ruwa na sauka, kana ƙarawa. In kumfa ta ɗauke ka rufe.
10. In an taɓa haɗa fanka kai tsaye, a kira mai wayarin ya mayar da ita kan rile ɗinta. Fankar da ke juyawa dare da rana tana saurin ƙonewa.
11. Goge lambar matsalar da manhajar, ka zaga gari kana kallon zafin. Washegari da safe ka sake duba ruwa.

A gwajin farko lambar ta hau zuwa 84, ta ɗan ja baya, tiyon ƙasa ya ɗauki zafi. A kan titi ta zauna tsakanin 84 da 90. Da muka tsaya ƙofar gida ta haura 90 da 'yan kai, fanka ta tashi da kanta, bayan ɗan lokaci ta yi shiru. Fitilar inji ba ta sake kamawa ba. Bayan sati biyu Yaya ya kira ni ya ce, "Ƙanena, man da nike sha zuwa Gusau ya ragu, Allah shi yi albarka."

Shawarata ga masu shirin sayen mota

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su mallaki mota ba tukuna, amma kusan kowa yana da uba, yaya ko maigida mai ita, kuma kai ake miƙa wa waya in ta rikice. In za a sayi mota ta hannu, tafi da na'urar nan a aljihu. Murɗa makulli inji na sanyi, AC a kashe: in fanka ta tashi nan take, an taɓa wayarinta. Yi tafiyar minti 15 kana kallon lambar: in ta kasa kai 80, akwai yiwuwar babu tamostat. Sai ka tambayi mai motar dalilin cire shi, domin sau da yawa akwai tarihin tafasa da ba a faɗa maka ba.

Na koma wajen bakaniken nan na nuna masa lambobin a waya. Ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya sa na haɗa ta da wata Vibe da ke garejin, sannan ya tambaye ni inda ake sayar da ita. Yanzu akwai ɗaya a akwatin sifanunsa, yaronsa ne ke riƙe wayar.

A rubutu na gaba, in Allah ya yarda, zan nuna yadda ake saita manhajar ta riƙa yin ƙara da zarar zafi ya wuce adadin da ka sa mata, don direba ya ji tun allura ba ta motsa ba. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu.